Ƙunshin da Ya Tsallake Wuyan Doki

Lahadi, 14 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Na dawo da ƙafafuna, kuma yatsuna goma suna nan, sau biyu na ƙirga su. Motar ce ba ta dawo ba. Tana can a hawan Wuyan Doki, ta jingina da wani dutse, tayar baya ɗaya tana reto a bakin rami. Dutsen nan shekara goma sha ɗaya ina wuce shi ina zaginsa don ya matse hanya. Yau da na rarrafo ta ƙofar fasinja sai da na dafa shi na yi masa godiya.

Tun jiya da rana dusar ƙanƙara take zuba, don a tsaunukanmu Yuli tsakiyar hunturu ne. Da sassafe na ɗaura wa tayoyi sarƙa, na ce wa Mme, mahaifiyata, kafin ta sauke tukunyar rana zan shigo mata da matata Manthati. Ta ce kada in je. Na ce ko ido aka ɗaure min zan kai mota Ha Sekete. Bakina ke nan, kullum yana gabana da taku uku. A lanƙwasa ta biyu kafin ƙoli motar ta daina jin maganata, ta juya a hankali ta fara tafiya da baya. Ko addu'a ban tuna ba, birki nake ta takawa, alhali ni nake hana sababbin direbobi taka shi a kan ƙanƙara.

Awa biyar na yi ina saukowa a ƙasa. Mme ta zuba ruwa mai ɗumi a kwano ta tsoma ƙafafuna. Da jini ya fara komawa na yi kuka kamar ɗan yaye, ita kuma ta juya baya tana gyara wuta don kada in ji kunya.

Manthati tana gidan iyayenta a Ha Sekete goyon ciki, wata biyu ke nan. Sista ta asibiti ta rubuta a katinta da jan biro cewa a kawo ta ɗakin masu jiran haihuwa ran goma sha biyu, kada a wuce. Ta ce bayan abin bara, wannan karon ba a gida ba. Ran goma sha biyu Juma'a ce. Ranar sama tas, hanya a bushe, mota cike da mai. Surukina ya aiko cewa ran Lahadi za su yanka mata tunkiya su sa mata albarka, Mme kuma ta ce surukin da ya ɗauke 'yar mutane kafin iyayenta su gama nasu ba shi da kunya. Na ce to, sai Litinin.

Ni na ce to. Ba wanda ya riƙe min hannu.

Litinin, 15 ga Yuli, ƙarfe tara na safe

Har yanzu dusa tana zuba. Waya ba sabis.

Talata, 16 ga Yuli, ƙarfe ɗaya na rana

Ta tsaya. Ƙofa ta ƙi buɗuwa sai da na fita ta taga na haƙe ta da shebur. Garinmu Mokhotlong tsit, ko kare ba ka ji. Rediyo ta ce an rufe hanyoyin tsaunuka duka, kowa ya zauna gida. Mai faɗin yana Maseru, babban birni, cikin ɗaki mai ɗumi, ai dole ya faɗa.

Na hau bayan garke inda waya kan kama, na ɗaga ta har hannuna ya gaji. Ba komai. Da zan sauko na zagaya ta gaba, ban bi ta gefen tudun toka ba. Tun bara, da aka binne jaririnmu a wurin, ba na bi ta nan.

Mme ta ce, "Ka ci abinci." Na ce ba na jin yunwa. Ta ce, "Ni a bayan wancan tsaunin na haife ka, cikin sanyi irin wannan, ba Sista, ba jan biro." Na ce, "Mu nawa kika haifa, Mme?" Ta ce bakwai. Na ce, "Mu nawa muke cin tuwonki?" Ta ajiye muciya ta fita waje ba bargo. Mu uku ne muka rage. Na bi ta da bargon, ta karɓa ba ta dube ni ba.

Laraba, 17 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Na ba Mme haƙuri. Ta ce tuwo na cikin tukunya. Na cinye shi har ƙanzo.

Alhamis, 18 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Manthati tana lafiya. Bari in fara rubuta wannan kafin komai. Tana lafiya, ba ta haihu ba tukuna.

Ntate Mokhele, maƙwabcinmu (Ntate shi ne baba a bakinmu), tsohon da ya yi shekara talatin a ramin haƙar zinariya ya dawo da tari da dawaki biyu, shi ya buga min ƙofa da safe. Ya ce, "Direba, ka iya hawan abin da ba shi da sitiyari?" Na ce na iya tun kafin in iya sa wando. Ya ce, "To hau, amma in ka taka masa birki zai yar da kai." Ashe labarin ya riga ya zaga gari.

Awa uku muka yi kafin mu kai wurin mota. Ta zama farin tudu, madubi ɗaya kawai ya leƙo. Daga nan zuwa ƙoli dusar ta kai ƙirjin doki. Na ce mu sauka mu ƙarasa a ƙasa. Ntate Mokhele ya ce, "Je ka. In ta narke a watan Satumba zan zo in kwashe ka in kai wa matarka." Na zage shi a raina, na juya linzami.

Ƙasa da hanya kaɗan akwai bukkar dutse ta Lebusa, makiyayin da ke cinye lokacin sanyi a can da tumakin mutane. Ya kai hamsin, ba ya son magana, gemunsa duk ƙanƙara. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya ce, "Shi ke nan? Ai da ka faɗa tun ɗazu." Ya hau wani falalen dutse, ya gyara bargo, ya kafa hannuwa a baki, ya ja murya. Ni har na manta ana yin haka, waya ta lalata mu. Can tsallaken kwari wani ya amsa, ɗan baƙin ɗigo a kan fari. Lebusa ya jefa masa maganar gaɓa-gaɓa: surukin gidan Phafoli yana tambaya, yaya 'yarsu mai ciki. Wancan ya juya ya jefa wa na gaba. Lebusa ya ce bukka huɗu ce tsakaninmu da Ha Sekete.

Wato yau duk makiyayin da ke tsaunukan nan, har da karnukansu, sun san matata na da ciki. Sun kuma san na jefa mota a rami, don Lebusa ya ƙara wannan ba tare da na sa shi ba.

Muka zauna a bukka muna shan hayaƙin kashin shanu, awa biyu cur. Sai muryar ta dawo. Lebusa ya karkata kunne, ya ce, "Surukinka ya ce kowa lafiya. Tumaki uku sun mutu. Rufin rumbu ya faɗa. Yarinya na nan da nauyinta, ta ci abinci." Na ce ya maimaita na ƙarshen. Ya maimaita. Ntate Mokhele ya ce, "Ka ga sai bayan tumaki da rumbu aka tuna da ita, alamar ba abin da ya same ta." Na yi dariya har hawaye ya daskare min a kumatu.

Juma'a, 19 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Na yi barci kamar an buge ni. Ta ci abinci. Me ta ci? Ban tambaya ba.

Asabar, 20 ga Yuli, ƙarfe uku na yamma

Na je asibiti a ƙasa. Niyyata in tsaya a bakin ƙofa in aika, amma Sista ta hango ni ta taga. Ta ce, "Ntate Khethang, yau nawa ga wata?" Na ce ashirin. Ta ce, "Ni kuma nawa na rubuta?" Ta ce in cire takalmi. Ta duba yatsuna, ta ce ƙaramin na hagu ya ji jiki amma zai tsaya, kuma ba don wayona ba.

Na ɗauka za ta ci gaba da wanke ni, sai ta ja kujera ta zauna. Ta ce ta sa sunan Manthati cikin waɗanda jirgi mai saukar ungulu zai ɗauko, amma akwai makiyaya da dusa ta rufe a wani kwari kwana bakwai ba abinci, kuma ba kullum iska ke barinsa ya tashi ba. Ta ce, "Kada ka zauna kana kallon sama. Wa ke can da ya san aikin?" Na ce Ausi Tlalane, yayar Manthati, ita asibitin nan ya koya wa duba masu ciki a ƙauyensu. Fuskar Sista ta saki. Ta ce Tlalane tana da hannu tana da hankali, abin da ba ta da shi shi ne ƙwayoyin tsayar da jini. Ta naɗe su a leda uku, da takarda a ciki. Ƙunshin bai fi akwatin ashana biyu ba. Ta ce, "In wannan ya isa hannunta kafin naƙuda, zan iya barci. Bara jini ne ya kusa tafiya da ita, ka sani."

Na sani. Ni na wanke kujerar mota.

Lahadi, 21 ga Yuli, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Dusa ta sake saukowa, wannan karon da iska. Ƙunshin yana aljihun ƙirjina. Mme ta kawo allura ta ɗinke bakin aljihun rigar tana jikina.

Talata, 23 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Na ji ƙarar jirgin, na fito ba takalmi. Ya wuce kudu. Ɗazu rediyo ta ce an kwaso makiyaya tara da ransu. Na ji daɗi, na rantse na ji daɗi, sai dai na ɗan jima kafin in ji shi.

Laraba, 24 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma, a bukkar Lebusa

Ƙunshi ya tafi, amma ba a hannuna ba.

Ni na so in kai shi da kaina. Tun a hanya nake shirya yadda zan shiga Ha Sekete, dusa har gira, surukina ya fito ya gan ni. Lebusa ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Daga nan zuwa rafi na san inda kowane rami yake ko an rufe shi. Daga rafi ban sani ba, na tsallake ne ya sani. Kai ina ka sani?" Na ce na san hanyar mota. Ya ce, "Mun ga yadda ka san ta."

Ntate Mokhele ya ce, "Ɗana, so kake magani ya isa, ko so kake a ce kai ka kai?" Wannan ta shige ni. Na farke aljihu na miƙa.

Lebusa ya cusa shi cikin hularsa, ya ɗauki sanda, karnuka biyu a gaba. Na tsaya a falalen dutse ina kallonsa yana nutsewa yana fitowa, yana soka sanda kafin kowane taku. Ya fi awa biyu kafin ya kai rafi. Na tsallaken ya gangaro, suka haɗu, suka rabu. Ko sunan mutumin ban sani ba, ga shi ran matata yana cikin hularsa.

Na ce wa Ntate Mokhele ya koma da dawaki, ni a nan zan zauna inda murya ke isowa. Ya ce zai gaya wa Mme ɗanta ya koma kiwo.

Alhamis, 25 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Ya isa. Hannu huɗu, kwana ɗaya. Saƙon ya ce Tlalane ta karɓa, ta karanta takardar, ta ce a gaya wa mijin ya kwantar da hankalinsa. Surukina ya ƙara da cewa tunkiya ta huɗu ta mutu. Allah ya jiƙan tunkiya. Na ɗauki shebur na share wa Lebusa garke gaba ɗaya, don na rasa inda zan sa murnar.

Juma'a, 26 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Tuwon masara ba miya, safe da yamma. Lebusa ya ce surutun da na yi masa yau ya fi wanda ya ji a wata uku. Ntate Mokhele ya kawo burodin da Mme ta turara, da safa biyu da ta saƙa. Ha Sekete sun ce kowa lafiya.

Asabar, 27 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Mun kira. Aka ce kowa na nan. Na ce a tambayi yarinya. Aka ce maganar mata ce. Shi ke nan, ko tumaki surukina bai ambata ba.

Lahadi, 28 ga Yuli, ƙarfe uku na yamma

Maganar mata ce.

Litinin, 29 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Sau uku Lebusa ya hau dutse saboda ni, har muryarsa ta dishe. Amsa ɗaya ce. Na ce ya gaya musu ni mijinta ne, ba baƙo ba. Ya dube ni kamar zai ce wani abu, ya fasa.

Bara ma haka aka yi min a barandar asibiti. Duk wadda ta wuce sai ta ce in jira. Ina tsoro, ba zan ɓoye wa takarda ba. Na ce wa Lebusa gobe zan tafi ko da rarrafe ne. Bai yi musu ba. Ya ɗauki takalmana ya zauna a kansu.

Talata, 30 ga Yuli, ƙarfe goma sha biyu na rana

Bai ba ni takalman ba. Rana ta fito, dusa ta fara ɗiga daga rufi. Mun jiyo ƙarar katafila daga ƙasa, ta fara buɗe hanya daga gari. Ya ce ran da ta iso wurin mota zai ba ni.

Laraba, 31 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Ban sa an kira ba yau. Katafila ta kai lanƙwasa ta farko.

Alhamis, 1 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma



Katafila ta iso da hantsi, Lebusa ya ba ni takalmana, muka je wurin mota tare. Mai tuƙa ta ya ɗaura wa motata igiyar ƙarfe ya fizgo ta kan hanya. Ban da ƙofar baya da ta lotsa ba abin da ta yi, sai dai ta ƙi tashi. Ntate Mokhele ya zo, muka hura wuta a gefe, muka ɗora dusa a bokiti ta narke don in zuba wa lagireto. Na cire bargo da kwat na tura kaina cikin inji.

Sai na ji karnukan Lebusa suna haushi. Na ɗago. Mutum biyu suna gangarowa daga ƙoli a ƙasa, namiji a gaba da sanda, mace a baya. Tun daga nesa na gane tafiyar Ausi Tlalane. Na ce a raina, wadda ya kamata tana gefenta ga ta nan, to me ya rage da za a tsare?

Ta iso ba ta gaishe ni ba. Ta gaida Ntate Mokhele, ta gaida Lebusa, har mai katafila ta gaida, fuska a ɗaure. Na ce, "Ausi." Ko kallona ba ta yi ba. Na juya na dafa motar da hannu biyu na sunkuyar da kai, na ce ko me za ta faɗa ta faɗa wa bayana.

Ruwa na ji. Bokitin nan gaba ɗaya, daga ƙeya har cikin takalmi, da sauran gudajin ƙanƙara da ba su gama narkewa ba. Numfashina ya ɗauke. Na juyo zan yi zagi, sai na ga Ausi Tlalane riƙe da bokiti tana dariya tana kuka, Ntate Mokhele ya riƙe ciki yana tari, Lebusa kuma da ban taɓa ganin haƙoransa ba, ashe guda huɗu ne.

Ruwa, ba sanda ba. Mace ce. Haka ake gaya wa uba a wurinmu, a tsula masa sanda in namiji ne, a sheƙa masa ruwa in mace ce. Ba a faɗa masa da baki, balle a yi ta kwarara shi a kan tsaunuka. Ni da kaina na sha riƙe wasu ana jiƙa su. Kwana biyar ɗin nan ban yarda na tuna ba.

Na zauna daɓas cikin dusa. Na ce, "Uwar fa?" Ta ce, "Tana nan, tana cin mutane da faɗa." Na ce, "Jinin?" Dariyarta ta tsaya. Ta ce, "Ya zo. Ran Asabar da hantsi, bayan yarinya ta faɗo. Na ba ta ƙwayoyin, na danne cikin, na yi ta kiran sunanta. Ya tsaya." Ta ce kwana huɗu ba ta matsa daga gefenta ba sai da ta ga ta tashi zaune ta ci tuwo da hannunta. Mahaifinsu kuma ya hana a faɗa ta murya, ya ce jikarsa ba tunkiya ba ce da za a yi shelarta a kwari.

Na ce, "Kwana biyar, Ausi. Kun kusa kashe ni." Ta ce, "In ba ka cire rigar nan ba yanzu za mu ƙarasa." Suka tuɓe ni a tsakiyar hanya, suka naɗe ni a bargon Lebusa mai warin tumaki da hayaƙi. Ban taɓa rufa da abin da ya kai shi daɗi ba.

Ashe Lebusa ya gane tun Asabar. Ya ce ba a cewa maganar mata ce a kan gawa. Na ce to me ya hana shi gaya min. Ya ce shi ba surukina ba ne, kuma bokitinsa yana yoyo.

Juma'a, 2 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma, a gida

Mota ta tashi, na sauko gari. Zazzaɓi da mura, ina atishawa ina dariya. Mme tana ta haɗa kaya tana waƙar coci, ta manta tukunya har ta ƙone.

Asabar, 3 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma, Ha Sekete

Katafila ta fasa ƙoli jiya, yau na shigo da mota, Sista a gaba da jakarta, Mme a baya da ƙullin kaya. Duk hanya a giya ɗaya na zo. Sista ta ce in na ƙara rage gudu za mu koma inda muka fito.

Surukina ya tare ni a bakin garke. Na shirya masa maganganu tun daga Wuyan Doki, masu zafi. Da na ga yadda ya rame, idanunsa sun faɗa, sai duk suka gudu. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya ce, "Laifina ne, ɗana." Na ce, "Namu ne, Ntate."

An soke kara a rufin ɗakin, alamar mai jego na ciki, namiji ba ya shiga. Mata suka shige suka bar ni a waje. Na zagaya baya inda ƙaramar taga take, an toshe ta da tsumma. Kafin in yi gyaran murya atishawa ta riga ni.

"Wa ke atishawa a bayan ɗakin mutane?" Muryar ta yi ƙasa, amma tata ce.

Na ce, "Ni ne."

"An ce Ausi ta yi maka wanka."

Na ce ta yi.

"Madalla. Matsa daga tagar, kada ka sa wa yarinya mura."

Na matsa taku ɗaya. Sai na ji kukan, ɗan siriri, mai naci. Na ce, "Ita ce?" Ta ce, "A'a, Sista ce."

Na jingina goshi da bango. Na ce ta ƙara magana. Ta ce, "In ce me?" Na ce ko me. Sai ta fara. Wai na sa duk tsaunuka sun san cikinta, har kunyar fita ƙofa take. Wai an ce na hau doki da takalmin tuƙi. Wai wane irin mutum ne zai cire bargo a Wuyan Doki a watan Agusta. Tana faɗa muryar tana ƙara ƙarfi. Na tsaya cikin iska na saurara har ta gama, sannan na ce ban ji na farkon ba, ta sake.